Kafin ƙungiyarku ta nemi tallafin al'adu a Amurka, ga abin da dokar 1965 ta ce

Muna zaman shirya bikin Ranar Hausa na 26 ga Agusta a ɗakin ƙasan da ƙungiyarmu ke haya a unguwar Bronx ta birnin New York, sai wani matashi ya ɗaga wayarsa ya ce ya ga gwamnatin Amurka tana ba ƙungiyoyin al'adu kuɗi, daga dala 10,000 har zuwa 100,000. Nan take lissafi ya tashi. Wannan ya ce a ɗauko masu kalangu daga gida, wancan ya ce a sayi sababbin lasifikoki, Hajiyar da ke dafa mana abinci ta ce ita dai a sa raguna biyu a ciki. Ma'ajinmu, dattijon da ya tsufa a tuƙin tasi, ya bari kowa ya gama, sannan ya gyara hula ya ce, "To yarana, ina takardarmu ta haraji?" Ɗakin ya yi tsit. Muna da rajistar jiha, muna da asusun banki, muna da littafin karo-karo. Takardar da doka ke tambaya kuwa ba mu da ita.

Tun daga ranar na zauna na karanta abin da ke bayan tallan da yaron ya gani.

Tushen kuɗin doka ce da Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ranar 29 ga Satumba, 1965. Ita ta haifi hukumomin tarayya biyu masu ba da tallafi, NEA da NEH, tamkar tagwaye. NEA tana kula da ayyukan fasaha: kiɗa, rawa, wasan kwaikwayo, zane, sana'o'in gargajiya, ƙirƙirarren rubutu. NEH kuma tana kula da nazarin rayuwar ɗan Adam: tarihi, harsuna, adabi, falsafa, kwatanta addinai, binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa. In za ku kira maroƙi ya yi wasa, ƙofar NEA ce. In za ku ɗauki muryoyin dattawan da suka fara zuwa New York daga Kumasi da Agadas ku adana tarihinsu, NEH ce. Ita NEH ma ta taɓa harkarmu kai tsaye, don a 2019 ta ba Jami'ar Boston tallafi, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Fallou Ngom, na tattara rubuce-rubucen ajami na Hausa da Fulatanci da Mandinka da Wolof a fassara su a sa a intanet.

Kuɗin ba wani tudu ba ne. A 2024 kowace hukuma ta samu dala miliyan 207, a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 330. Cents ɗin da zai faɗa kan kowane mutum daga kowace hukuma bai kai dala ɗaya ba. Saboda haka doka ta sa ƙofa ta yi ƙunci.

Sharaɗi na farko shi ne wanda ma'ajinmu ya tambaya. Doka ta ce ba a ba ƙungiya tallafi sai idan ribarta ba ta shiga aljihun kowa, kuma wanda ya ba ta gudummawa yana iya cire abin da ya bayar daga harajinsa. A aikace wannan na nufin shaidar hukumar haraji ta IRS a ƙarƙashin sashe na 501(c)(3). Mutanenmu da yawa suna zaton rajistar da suka yi da jiha ta wadatar. Rajistar jiha tana haifar da ƙungiya ne kawai, IRS ke ba ta wannan matsayi. Ƙaramar ƙungiya, wadda kuɗin shigarta bai wuce dala 50,000 a shekara ba kuma dukiyarta ba ta wuce 250,000 ba, tana iya cike gajeren fom mai lamba 1023-EZ ta biya dala 275. Wadda ta fi haka sai dogon fom 1023, kuɗinsa dala 600.

Samun takardar ma ba shi ne wahalar ba, riƙe ta ne. Kowace shekara sai an aika wa IRS rahoto a fom 990. Na ƙananan ƙungiyoyi, 990-N, 'yan tambayoyi ne da ba za su ci maka lokacin shan shayi ba. Amma dokar 2006 ta ce in aka yi shekara uku a jere ba a aika ba, matsayin ya faɗi da kansa, ba sai an yi zama ba. Na san wata ƙungiyar 'yan gari ɗaya da sakatarenta ya koma gida da lambar sirrin imel ɗinsu a kansa. Sai da suka je neman tallafi suka ji labarin cewa sun daɗe da fita daga jerin. Haka kuma ƙungiya mai wannan matsayi ba ta goyon bayan ɗan takara ko yaƙarsa a zaɓe, hanin da ke nan tun 1954. A tuna da shi ranar da wani mai neman kujerar kansila ya zo biki yana son makirufo.

Sharaɗi na biyu shi ne zuciyar dokar, kuma shi ya fi kashe wa mutane gwiwa. Tallafin NEA ba ya wuce rabin kuɗin aiki. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. In bikinku zai ci dala 30,000, abin da za ku iya roƙo 15,000 ne, sauran ku kawo. Tun da mafi ƙarancin abin da babban shirin hukumar ke bayarwa dala 10,000 ne, aikin da bai kai na 20,000 ba bai ma shiga layi ba.

Sai dai rabin naku ba dole ya zama tsabar kuɗi duka ba, kuma a nan ne ƙungiyoyi irin namu ke da ƙarfin da ba su san suna da shi ba. Kuɗin tikiti ya shiga. Gudummawar mai shagon kayan abinci na unguwa ta shiga. Tallafin jiha ko na wata gidauniya ya shiga. Zauren da wani ya ba ku kyauta ya shiga a kan farashin da ake ba da hayarsa. Telan da ya ɗinka kayan 'yan rawa bai karɓi ko sisi ba, aikinsa ya shiga. Abin da ake bukata shi ne shaida: takarda mai kwanan wata da sa hannu, mai nuna me aka bayar da ƙimarsa. Mu kuwa mun saba da kyauta a ɓoye, wanda ya bayar ma in ka ce ya rubuta sai ya ji kamar ka rage masa lada. Ni na je wurin wani telanmu da takarda, ya dube ni ya ce, "Haba Malam, don Allah na yi." Na ce masa, "Alhaji, ladanka na nan, wannan ta Baturen odita ce." Ya yi dariya ya sa hannu. Abu ɗaya da ba ya shiga cikin rabinku shi ne wani kuɗin gwamnatin tarayya. Ba a ciro daga aljihunta na dama a nuna wa na hagu.

Abu na uku: aiki ake ba kuɗi, ba ƙungiya ba. Aikin yana da ranar farawa, ranar gamawa, da kasafi. Kuɗin hayar ofis na shekara, gina zaure ko sayensa, liyafa, kyaututtukan gasa, duk ba sa ciki. Ragunan Hajiya sun fita ke nan. Masu kalangu daga gida suna iya shiga ta fuskar ladan wasansu, amma kuɗin bizar da ake biyan gwamnatin Amurka daga aljihunku zai fito. Dokar ta kuma ce ƙwararrun masu wasa a biya su abin da bai gaza mafi ƙarancin ladan da Ma'aikatar Ƙwadago ta amince da shi ba, wato ba a sallamar makaɗi da "Allah ya yi albarka". Wurin taro kuma dole mai keken guragu ya iya shiga, bisa dokar 1973 ta kare masu naƙasa. Ɗakin ƙasanmu mai matakala goma sha biyu ya faɗi a nan.

Ɗaiɗaikun mutane fa? Da ana ba su sosai. Rigima ta tashi a 1989 kan wasu hotuna da aka nuna da kuɗin hukumar, waɗanda 'yan majalisa suka kira batsa da cin zarafin addini. A 1990 majalisa ta ƙara wa dokar sharaɗin cewa a riƙa la'akari da ladabi na gama-gari da mutunta aƙidun jama'ar Amurka daban-daban. Wasu masu wasa huɗu da aka hana tallafi suka kai ƙara, shari'ar da ke ɗauke da sunan ɗaya daga cikinsu, Karen Finley, har Kotun Ƙoli, wadda a 1998 ta bar sharaɗin a tsaye da ƙuri'a 8 da 1. Kafin nan, a kasafin 1996, majalisa ta zaftare kuɗin NEA daga kusan dala miliyan 162 zuwa ƙasa da miliyan 100, ta kuma rufe tallafin ɗaiɗaiku in ban da na marubuta, da lambobin girmamawa na gwanayen kiɗan jaz da na masu sana'o'in gargajiya. Abin da ke ba ni mamaki shi ne dokar asali ta hana jami'an tarayya tsoma baki a gudanarwar ƙungiyar da suka tallafa wa, amma wanda ke riƙe da jaka bai taɓa rasa hanyar magana ba.

Yadda ake nema kuwa gajeren zance ne mai dogon jira. Ku yi rajista a shafin gwamnati na SAM.gov ku karɓi lambar shaida, kyauta ne, duk wanda ya ce ku biya shi kuɗin rajistar ɗan damfara ne ko ɗan kamasho. Rajistar tana ɗaukar makonni, kuma ana sabunta ta duk shekara. Sai a miƙa takarda ta Grants.gov. Kwamitin masana, da mutum ɗaya wanda ba ɗan sana'ar ba, su karanta su ba da maki, majalisar ba da shawara ta duba, shugaban hukuma ya yanke. Watanni ake yi. NEA tana son ganin tarihin ayyukan fasaha da kuka riga kuka yi, da shekara uku ne, a 2025 aka mai da shi biyar. Ba ta kuma yarda ku shiga a inuwar wata ƙungiya mai takarda, ko da masallacinku ne. Ƙungiyar da ke Kano ko Damagaram ba ta cikin masu nema kwata-kwata, sai dai ta yi haɗin gwiwa da wata ta Amurka.

In an ba ku, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ƙa'idojin tarayya na kashe tallafi sun hau kanku: rasit na kowace dala, rahoton ƙarshe cikin kwana 120 bayan gama aiki, ajiye takardu shekara uku. Tun Oktoban 2024 ana barin ƙungiya ta ware har kashi 15 cikin 100 don hidimomin ofis da aikin ya jawo, da kashi 10 ne. Kada a raina wannan, shi ke biyan mai lissafi.

Ni shawarar da na ba ƙungiyarmu ita ce mu manta da Washington tukuna. Kashi 40 cikin 100 na kuɗin tallafin NEA ana tura shi ne ga hukumomin fasaha na jihohi da yankuna, 56 ne na jihohi da yankunan mallaka, da manyan ƙungiyoyin shiyya 6. NEH ma tana da majalisu 56 irin waɗannan. Su ne ke raba ƙananan tallafi na dala dubu kaɗan, fom ɗinsu ya fi sauƙi, da yawansu suna karɓar ƙungiyar da ta shigo a inuwar wata, kuma akwai ma'aikacin da za ka kira ya ɗauka. A New York akwai hukumar jiha, NYSCA, wadda ta girmi NEA da shekara biyar, a unguwarmu kuma akwai Majalisar Fasaha ta Bronx.

Wannan ƙofar ma ta girgiza. A Afrilun 2025 gwamnatin Trump ta soke tallafin NEH masu yawa, har da na majalisunta na jihohi, sai da Gidauniyar Mellon ta kawo musu ɗaukin gaggawa na dala miliyan 15. A watan Mayu wasiƙun sokewa suka isa ga ƙungiyoyin da NEA ta riga ta yi wa alkawari, fadar shugaban ƙasa kuma ta nemi majalisa ta rufe hukumomin biyu. A 2025 ɗin an kuma dakatar da ƙaramin shirin NEA na dala 10,000 da aka tanada wa al'ummomin da ba a cika kaiwa gare su ba, wanda shi ya fi dacewa da irinmu. Dokar 1965 tana nan a littafi, amma sharuɗɗan shekara-shekara suna sauyawa, don haka a karanta na shekarar da ake nema, ba na bara ba.

Bikinmu na wannan shekarar da karo-karo muka yi shi, rago ɗaya, lasifikar aro. Ma'aji ya sayi jakar leda mai zif, yana tara kowane rasit da hoton kowane taro da kwanan watansa, don ƙirgen shekara biyar ya fara tafiya. Fom 1023-EZ kuma mun aika.