Tambayoyi kan darasin yanayi a makarantun Legas

A wane darasi ake koya wa yara ilimin yanayi?

A ƙananan azuzuwa yana cikin darasin kimiyya, a babbar sakandare kuma cikin labarin ƙasa. Matsalar ita ce galibi a allo yake ƙarewa: yaro ya haddace sunayen gajimare, ya ci jarrabawa, shi ke nan.

Yaron da iyayensa suka zo daga Arewa ai ya san damina da rani. Me ya rage?

Da sauran aiki. Lissafin da muka taso da shi, damina, kaka, hunturu, bazara, na Arewa ne. A Legas ruwa yakan kankama daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan ɗauke a Agusta, sannan ya dawo a Satumba da Oktoba. Dalili kuwa iskar da ke tasowa daga tekun Atilantika ɗauke da danshi a nan take fara sauka, tun kafin ta kai Kano. Hunturu ma idan ya iso Agege ya riga ya yi laushi. Yaron da ya gane wannan zai iya yi wa mahaifinsa bayanin abin da ya sa kasuwar Mile 12 ke jagwalgwalewa da taɓo alhali a gida ko shuka ba a yi ba.

Makarantar da ba ta da kayan aiki fa?

Gorar ruwa ta roba ta isa. A yanke samanta, a kifa shi ciki ya zama mazurari, a manna rula a gefe, a ajiye a fili nesa da indararo. Kowace safiya ɗalibi ɗaya ya duba ya rubuta. Milimita 1 na ruwan sama daidai yake da lita 1 a kan kowace murabba'in mita. Wato milimita 50 a rufin aji mai murabba'in mita 100 lita 5,000 ke nan. Daga nan yara da kansu za su tambaya: to idan kwata ta toshe da leda, ina ruwan zai bi? Irin wannan awon ne shirin GLOBE na koya wa ɗalibai nazarin muhalli, da aka fara a Amurka a 1995, yake sa ɗalibai su yi a ƙasashe da dama.

Ana cin abinci da wannan ilimin?

Ƙwarai. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, wato NiMet, ita ce ke fitar da hasashen damina duk farkon shekara, filayen jirgin sama ma da ita suke dogara. Cibiyarta ta horar da masu hasashen yanayi tana nan Oshodi.