Helikwaftan ceto a teku: wai me ake sabuntawa a jikinsu?

Me ya sa sai helikwafta, ba ga jiragen ruwa ba?

Sauri ne malam. Wanda ya faɗa ruwa mai sanyi ba shi da lokaci, kafin jirgin ruwa ya ƙaraso sanyi ya gama da shi, shi kuwa helikwafta zai zo ya tsaya cak a sama ya zuro igiya. A watan Maris 2019 da injinan jirgin ruwan fasinja Viking Sky suka mutu kusa da gaɓar Norway ana tsaka da guguwa, mutum sama da 400 aka ɗauke ta sama.

Wa yake sauka ya ɗauko mutumin?

Akwai gwanin iyo da aka horar, shi ake zurawa da igiyar ƙarfe ya ɗaura wa mutum majanyi ko ya sa shi a kwando, injin ya jawo su. Masu gadin gaɓar tekun Amurka sun soma horar da irinsu ne bayan nutsewar jirgin Marine Electric a 1983, inda mutum 31 suka rasu.

To sabuntawar fa?

A ganina mafi yawanta kan nemo mutum ne, don ɗagowa ba ta kai nema wuya ba. Ka duba, kan mutum kaɗai ke leƙowa daga ruwa, ga dare ga igiyar ruwa tana rufe shi tana buɗewa, ido ba zai iya ba. Shi ya sa ake saka kamara mai ganin zafin jiki, da rada, da na'urar da ke bin siginar rediyo ta neman agaji. Norway ta soma maye gurbin tsofaffin helikwaftocinta samfurin Sea King da sabon samfurin AW101 a 2020, shi wannan har wayar salular wanda ya ɓata yana iya ganowa. Sannan kwamfuta na riƙe jirgin wuri ɗaya, abin da ke wahalar da matuƙi sosai da daddare tunda babu ƙasa ko bishiya da zai kalla ya gane ko yana gocewa.

Dole sai an sayi sabo?

A'a, kuɗin ba wasa ba ne. Amurka ta riƙe helikwaftocinta samfurin Dolphin na tun shekarun 1980, ta canza musu kayan ɗakin matuƙi zuwa allunan kwamfuta, aka ce musu MH-65E. Birtaniya kuma daga 2015 ta miƙa aikin ga kamfanin Bristow mai amfani da helikwaftoci samfurin S-92 da AW189. Amma gishirin teku na cin ƙarfe, komai wanki da ruwan daɗi watarana sai gangar jikin ta gaji.

Jirgi mara matuƙi zai karɓe aikin?

Wajen nema yana taimakawa, yana daɗewa a sama ba gajiya. Ɗago wanda ya galabaita dai har yanzu sai an zura mutum.