Allurar sha'awa ta PT-141: amsoshi ga masu yawan tambayata

Na gaji da maimaita magana ɗaya a bakin kantar magani. Mace ta zo sayen maganin zazzaɓin yaro, sai ta jira mutane su ragu, ta nuna min hoton wata 'yar kwalba a waya. Namiji kuwa ya ce wai abokinsa ne ya aiko shi. Kwalbar dai ɗaya ce, PT-141. Ga amsoshin a rubuce, wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Mene ne shi?

Sunansa bremelanotide. Kamfanin Palatin na Amurka ne ya samar da shi, PT-141 kuma sunan da aka ba shi ne lokacin gwaji.

Irin Viagra ne?

A'a. Viagra, wanda aka amince da shi a 1998, a jijiyoyin jini yake aiki, yana taimaka wa jini ya cika gaban namiji. Ba ya kawo sha'awar da babu ita. Wannan kuwa a ƙwaƙwalwa yake aiki, can inda sha'awar take tasowa.

An amince da shi, ko har yanzu gwaji ake yi?

Ga mata, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Yunin 2019 da sunan Vyleesi. Ba kowace mace ba: wadda ba ta daina jinin al'ada ba, da can tana da sha'awa sannan ta ɗauke, abin yana damunta, kuma ba wata cuta ko wani magani ko rikicin aure ne ya jawo ba. Ga maza ba a amince da shi ba, gwaji ne kawai. Alhaji, ka sake karanta wannan layin.

To me ya sa ake tallarsa a matsayin na maza da mata?

Saboda asalinsa. A Jami'ar Arizona ana neman sinadarin da zai duhunta fatar Turawa ba tare da sun shiga rana ba, aka haɗa wani mai suna Melanotan II. Ɗaya daga cikin masu binciken, Mac Hadley, ya yi wa kansa allurarsa fiye da kima, gabansa ya miƙe na kusan awa takwas, ga tashin zuciya, ga amai. Daga wannan sinadarin aka fitar da bremelanotide. Da farko feshin hanci ne, an gwada shi a kan maza da mata, sai aka dakatar a 2007 saboda yana ɗaga hawan jini. Aka koma allurar ƙarƙashin fata, aka mai da hankali kan mata. Masu talla a intanet rabin farko na labarin suke ba ku, su ɓoye dakatarwar.

Zai ɓata min fata?

Wannan ce tambayar da ya kamata ku fara yi, amma ba mai yi, shi ya sa na sa ta da kaina. Magani ne da ya fito daga sinadarin duhunta fata. Yana iya barin tabo baƙi a fuska, da dasashi, da nono, kuma takardar maganin da kanta ta ce masu baƙar fata sun fi fuskantar haka, tabon ma ba lallai ya goge ba bayan an daina. Mu ke nan. Yawan maimaita allurar yana ƙara haɗarin sosai. Hajiya, kin kashe kuɗi kina gyaran jiki, kada garin neman gira ki rasa ido.

Yana aiki?

Kaɗan. A manyan gwaje-gwaje biyu da aka yi da mata sama da 1,200 na tsawon mako 24, kusan kashi 25 cikin ɗari na waɗanda aka ba ainihin maganin sun samu ƙarin sha'awa a ma'aunin da aka yi amfani da shi. Cikin waɗanda aka yi wa allurar da babu magani a ciki, kashi 17 sun samu. Ku dubi tazarar. Yawan saduwar da matan suka ce ta gamsar da su kuwa bai bambanta ba. A ɗaya gefen, kusan mace huɗu cikin goma ta yi fama da tashin zuciya.

Ina da hawan jini amma ina shan magani. An kawo min daga waje. In yi?

A nan zan tsaya in yi dogon bayani, don amsar ba "e" ko "a'a" ba ce.

Ƙa'idar da ke rubuce ita ce: an haramta shi ga mai hawan jinin da bai daidaita ba, da mai ciwon zuciya ko na jijiyoyin jini. Kowace allura tana ɗan ɗaga jinin, ya kai ƙololuwa cikin awa biyu zuwa huɗu, yawanci ya sauko kafin awa 12. Ga mai lafiya ƙaramin abu ne. Ga wadda jininta yake sama tun asali, ƙaramin abin yana iya zama babba. Saboda haka komai ya rataya ne a kan kalmar "daidaita". Shan magani daban, daidaita daban. Da yawa suna ce min jininsu ya daidaita, in na tambayi yaushe aka auna su ce tun kafin azumi. Wasu sai kai ya yi ciwo suke haɗiyar ƙwayar. Wannan ba daidaita ba ne.

Idan ana auna ki a kai a kai, awon yana fitowa daidai wata da watanni, ba ki da ciwon suga, ba ki taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙirji ba, to akwai ƙofar magana da likita. Magana na ce, ba izini na ba ki ba. Ko a hakan, likita zai so ya duba ko maganin hawan jinin ne ma ya rage miki sha'awar, domin wasunsu suna yin haka, kuma sauya shi ya fi sauƙi a kan ƙara allura. Zai kuma duba sauran magungunanki, saboda wannan allura tana jinkirta saukar abin da ke cikin ciki, tana iya rage ƙarfin wasu ƙwayoyin da ake haɗiya.

Sannan wane iri aka kawo miki? Ainihin Vyleesi allura ce da ta zo a haɗe kamar biro, an auna miligiram 1.75, ana yi a fatar ciki ko cinya aƙalla minti 45 kafin saduwa, sau ɗaya a awa 24, kada ya wuce sau takwas a wata. Idan kuwa gari ne fari a kwalba da za ki dama da ruwa ki auna da sirinji da kanki, to duk bayanin da na yi a sama bai shafe shi ba. Ba hukumar da ta tantance abin da ke ciki. Wannan kam amsata a'a ce, da hawan jini ko babu.

Ni namiji ne, Viagra ya daina yi min aiki. Ba laifi in gwada?

Malam, je ka auna suga da jini tukuna. Raunin gaba sau da yawa shi ne alamar farko ta cewa jijiyoyin jini sun fara toshewa, kafin zuciya ta nuna. Ba na faɗa don in tsorata ka ba. Wanda aka gano nasa da wuri yana samun sauƙi, a ɗaki da wajen ɗaki. Kunyar mintuna goma a gaban likita ce kawai.

Sha'awata ta ɗauke tun da na haihu. Na lalace ke nan?

Ba ki lalace ba, 'yar'uwa. Shayarwa, da rashin barci, da ƙarancin jini, da jin zafi lokacin saduwa, da damuwa, kowanne kaɗai ya isa ya kashe sha'awa, kuma kowanne ana iya magance shi. Ki faɗa wa ma'aikaciyar asibiti kai tsaye, ta sha jin irinsa.

Muna neman haihuwa, zan iya yi?

A'a. Mai amfani da shi ana so ta kasance tana kan tsarin tazarar haihuwa, kuma da ta yi zargin ciki ta daina nan take.