Mene ne "graphic novel", kuma shin adabi ne ko abin wasan yara?

"Graphic novel" suna ne da masu jin Ingilishi suka ba littafin da ke ba da dogon labari ta hanyar zane-zane a jere, galibi haɗe da rubutu. Idan ka buɗe shi za ka ga an yanka kowane shafi gida-gida, kowane gida da zanensa. Maganar mutanen labarin tana cikin 'yar da'ira da ke fitowa daga bakinsu, bayanin mai ba da labari kuma yana cikin ɗan akwati a sama ko a ƙasa. A nan zan riƙa ce masa littafin labarin zane.

Ba kowane littafi mai hoto ne ke shiga wannan sahu ba. Akwai littafin da aka rubuta labarinsa tsaf, sannan aka ƙawata shi da hotuna nan da can. Ko an cire hotunan labarin na nan daram. A littafin labarin zane kuwa, in ka cire zanen ka cire labarin, domin zanen ne ke ɗauke da rabin maganar, wani lokaci ma duka. Haka nan ya bambanta da zanen barkwanci na jarida mai gida ɗaya, ya kuma bambanta da katun na talabijin da ke motsi da kansa. Ɗan uwansa na jini shi ne komik, 'yar mujallar nan ta zane mai shafuka kaɗan da ke fitowa wata-wata. Kayan aikinsu ɗaya ne. Bambancin ya fi yawa a tsawo, da cewa labarin yana da farko da ƙarshe a cikin bango ɗaya, da kuma inda ake ajiye shi: kantar littattafai maimakon teburin mai jarida.

Wani mai sharhi ɗan Amurka, Richard Kyle, shi ne ya yi amfani da sunan a 1964 a wata 'yar mujallar masoya komik. Sunan bai kama bakin mutane ba sai a 1978, lokacin da Will Eisner ya fitar da A Contract with God, labarai huɗu na talakawan da ke zaman haya a unguwar Bronx ta birnin New York. Eisner da kansa ya sha faɗin cewa ya kira aikin da wannan suna ne don kada mai kamfanin ɗab'i ya katse masa waya da ya ji an ce komik. Ka ga ke nan tun asali sunan riga ce aka sa wa komik don a bar shi ya shiga inda ake hana shi shiga. Shi ya sa wasu manyan masu sana'ar ba sa ƙaunarsa. Alan Moore, wanda ya rubuta fitaccen labarin zane Watchmen, ya ce sunan na 'yan kasuwa ne kawai. Kuma sunan yana da gyara, domin "novel" na nufin ƙagaggen labari, alhali da yawa daga cikin fitattun littattafan da ke ɗauke da shi ba ƙagaggu ba ne; tarihin rayuwa ne, ko rahoton ɗan jarida.

To daga ina rainin ya samo asali? Bai faɗo daga sama ba. Salon ya girme wa sunan nesa ba kusa ba: wani malamin makaranta a birnin Geneva, Rodolphe Töpffer, ya buga labaran zane a jere tun a shekarun 1830, har shahararren marubucin Jamus Goethe ya ga zanensa ya yaba. Amma a Amurka komik ya tashi ne a kan takarda mafi arha, ana buga shi da gaggawa, ana sayar wa yara, mai zanen ma sau da yawa ba a rubuta sunansa. A ƙarshen shekarun 1940 an tara komik an cinna masa wuta a wasu garuruwa. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafi yana cewa komik ke lalata tarbiyyar yara yana tura su aikata laifi, majalisar dattawan ƙasar ta yi zama a kan batun, kamfanonin kuma da suka ga uwar bari suka kafa wa kansu hukumar tacewa a wannan shekarar. Dokokinta sun ce dole nagari ya yi nasara a kan mugu a kowane labari, kuma ba a nuna ɗan sanda ko alƙali ta hanyar da za ta zubar masa da mutunci. Duk marubucin da aka ɗaure da irin wannan igiya ba abin da zai iya rubutawa sai na yara. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda daga baya aka juyo ana cewa: ai ga shi nan, komik ba ya iya ba da labarin manya. An hana shi ne, sannan aka zarge shi da kasawa. Hukumar ba ta mutu murus ba sai a 2011, kuma a 2012 wata mai bincike, Carol Tilley, da ta bi takardun Wertham, ta nuna ya sauya bayanan yaran da ya kafa hujja da su.

A wasu ƙasashen labarin ya bi wata hanya. Faransawa sun daɗe suna kiran wannan sana'a fasaha ta tara, kuma a 1974 aka fara yi mata babban biki a garin Angoulême. A Japan, Yoshihiro Tatsumi ya ƙirƙiro sunan gekiga a 1957 don ware labaran zane na manya daga na yara.

Littafin da ya fi kowane toshe bakin masu raini shi ne Maus na Art Spiegelman, wanda kashinsa na farko ya fito a 1986, na biyu a 1991, ya kuma sami lambar yabo ta musamman ta Pulitzer a 1992. Labarin mahaifinsa ne, Vladek, Bayahude ɗan ƙasar Poland da ya tsira daga Auschwitz, sansanin da 'yan Nazi, masu mulkin Jamus a zamanin Hitler, suka yi wa Yahudawa kisan kiyashi. Spiegelman ya zana Yahudawa da kan ɓera, Jamusawa da kan kyanwa, mutanen Poland da kan alade. Wanda bai karanta ba zai ɗauka wasa ne. Amma 'yan Nazi sun riga sun kira Yahudawa ɓeraye a farfagandarsu, shi kuma ya ɗauki zagin ya ɗora a kan takarda don mai karatu ya ga muninsa. Idan Vladek zai ɓad da kama ya bi titi a matsayin mutumin Poland, sai ka gan shi ya ɗaura fuskar alade, har kana hango igiyar a ƙeyarsa. Babu wanda ya yi maka bayani cewa wannan rabe-raben ƙabila abin ɗaurawa ne da cirewa. Idonka ne ya gani.

Akwai wani gida ɗaya a kashi na biyu da nake so a duba da kyau. Vladek ya tsufa, suna cikin mota da ɗansa da matar ɗan, suna ratsa wani daji a jihar New York, shekaru da dama bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Yana ba su labarin 'yan mata huɗu da aka rataye a sansanin saboda sun sato albarushin da aka yi tawaye da shi. A cikin zanen, motar na wucewa a ƙasa, a sama kuma ƙafafun 'yan matan ne ke reto daga bishiyoyin dajin na Amurka. Zamani biyu a gida ɗaya. Marubucin zube zai iya cewa abin da ya wuce bai taɓa rabuwa da tsohon ba, kuma zai iya faɗa da kyau, amma dole ya jera kalma bayan kalma, ɗaya ta wuce kafin ɗaya ta zo. Mai zanen allo guda kuma zai iya haɗa motar da ƙafafun, amma ba shi da muryar tsohon da ke magana kamar ba komai, ba shi da shafukan baya da suka sa ka san shi. Wannan gidan ya yi aikin da babu ɗayansu da zai yi shi kaɗai. A wurina wannan ita ce hujjar, ba lambar yabo ba. Lambar yabo shaida ce kawai cewa wasu mutane sun lura.

Babban zargin da ake yi wa littafin labarin zane shi ne wai yana kashe tunani: an zana maka komai, me ya rage ka ƙiyasta? Wannan magana ce ta wanda ya kalli shafin bai karanta shi ba. Aikin mai karatu yana cikin siririn farin filin nan da ke tsakanin gida da gida. Mai zanen komik Scott McCloud ya yi dogon bayani a kansa a littafinsa na 1993. Ga misali. A gida na farko, wata mata tana tsaye a bakin ƙofa riƙe da hannun ƙaramin yaro, wani mutum ya juya baya da jaka a kafaɗa. A gida na biyu, ƙofar ce dai, matar ce dai, amma yaron ya fi ta tsawo, fentin ƙofar ya ɓare, mutumin kuma babu shi. Ba a rubuta ko harafi ba. Wa ya ce maka shekaru sun shuɗe? Wa ya ce maka bai dawo ba, kuma har yanzu ana jiransa? Kai ka saka wannan duka a cikin farin filin. A fim na'ura ce ke tafiyar da lokaci, ko ka shirya ko ba ka shirya ba. A nan kai ke tafiyar da shi, kuma mai zanen yana yi maka jagora da girman gidajen: ya jera ƙanana don ka yi sauri, ya buɗe babba ya cika shafi don ka tsaya, ya ajiye abin mamaki a bayan shafi don sai ka juya da hannunka za ka gamu da shi. Wannan tsari ne, kamar yadda waƙa ke da kari da amsa-amo, kuma ana iya ƙwarewa a kansa ko a yi kwaɓa.

Sai masu cewa adabi kalma ce, abin da ya dogara da hoto ya nemi wani suna. Wannan hujja ta fi ta farko nauyi, amma ba ta kai gaci ba. Mun riga mun karɓi adabin baka, wanda rabin armashinsa yana muryar mai faɗa da motsin hannunsa. Mun karɓi wasan kwaikwayo, wanda rubutunsa bai cika ba sai an hau dandamali. Iyakar adabi ba ta taɓa tsayawa a kan baƙin harafi kaɗai ba. Inda na yarda da su shi ne akwai ayyukan da babu kalma ko ɗaya a ciki, kamar The Arrival na Shaun Tan da ya fito a 2006, labarin ɗan ci-rani a ƙasar da bai san harshenta ba. In wani ya ce wannan fasahar zane ce ba adabi ba, ba zan ja da shi sosai ba, muddin ya amince labari ne aka bayar kuma an ba da shi da gwaninta.

Gaskiya ce kuma cewa akwai abin da zube ya fi iyawa. Dogon saƙe-saƙen zuciya, muhawara mai sarƙaƙiya, daɗin jimla da ke tafe tana lanƙwasa, duk waɗannan ba sa samun wuri a 'yar da'irar magana. Shi ya sa yawancin shahararrun ƙagaggun labarai da aka mayar labarin zane suke fitowa a rame. Haka kuma da yawa daga abin da ake bugawa da wannan suna aikin kasuwa ne tsagwaronsa. Amma hakan yake ga ƙagaggun labarai na zube, kuma ba wanda ya taɓa korar zube daga adabi saboda tarin marasa kyau da ke cikinsa. Littafi ɗaya-ɗaya ake aunawa.

Yau cibiyoyin adabi sun buɗe ƙofa. Mujallar Time ta sa Watchmen cikin ƙagaggun labarai 100 mafi fice na Ingilishi a 2005. Kashi na uku na March, tarihin gwagwarmayar tsohon ɗan majalisar Amurka John Lewis don 'yancin baƙar fata, ya ci lambar yabo ta ƙasa ta littafi a Amurka a 2016, a rukunin matasa. A 2018 wani littafin labarin zane ya shiga jerin farko na Booker, gasar ƙagaggun labarai ta Birtaniya. Sai dai akwai abin da ke damuna a yadda aka buɗe ƙofar. Duba waɗanda ake fara ambata: kisan kiyashi a Maus, juyin juya halin Iran na 1979 a Persepolis na Marjane Satrapi, rahoton Joe Sacco daga Falasɗinu. Ayyuka ne masu daraja, ba na musu. Amma kamar an ce wa mai zane ba za a ɗauke shi da muhimmanci ba sai ya zo da gawa. Ba a taɓa gindaya wa marubucin zube ko mawaƙi wannan sharaɗi ba. An yarda su ba da dariya, su yi soyayya, su bi rayuwar yau da kullum, kuma a kira aikinsu adabi.

Shi ya sa nake yawan kawo Aya de Yopougon, wanda Marguerite Abouet ta rubuta, Clément Oubrerie ya zana, ya fito a 2005. Labarin 'yan mata ne a wata unguwa ta Abidjan a ƙarshen shekarun 1970: wadda ke son zama likita, ƙawayenta da samarinsu, iyaye da asirinsu, cikin shege da rigimar gano ubansa. Ba yaƙi, ba yunwa. Ya ci kyautar littafin farko a Angoulême a 2006, kuma gwanintarsa tana cikin ƙananan abubuwa: hararar da uwa ke yi a gefen gida yayin da uba ke cika baki a tsakiya, ko cunkoson titi da ke ci gaba da harkarsa a bayan masu gardama. Wanda zai koyar da wannan fanni ko ya yi sharhi a kansa, ya kamata ya iya karanta irin wannan shafi da natsuwar da yake karanta Maus, ya tambayi me ya sa gidan nan ya fi wancan faɗi, me aka bar wa kalma, me aka bar wa fuska. Da yawa daga masu sharhin adabi har yanzu labarin kawai suke taƙaitawa su wuce, kamar zanen bai shafe su ba.