Matakan wahala a wasannin bidiyo na dabarun yaƙi

Matakin wahala zaɓi ne da wasan bidiyo ke gabatar wa ɗan wasa tun kafin a fara, domin ya tsayar da irin tsananin da zai fuskanta. A wasannin dabarun yaƙi, inda mutum ke jagorantar 'yar ƙaramar runduna a kan fili mai gida-gida kamar na dara, shi da abokin gaba suna motsi bi da bi, zaɓin ya ƙunshi abu biyu da aka cika cakuɗawa: ƙarfin abokan gaba, da kuma abin da kuskure ke jawowa.

Na farkon bai da wuyar ganewa. A mataki mai tsanani ana ƙara wa abokan gaba yawa da ƙarfi da ingancin makami, wani lokaci kuma a bar dakarun agaji su ɓullo daga bayan fage su kai hari nan take, kafin ɗan wasa ya sami damar gyara sahu.

Na biyun ne ya fi jawo muhawara. Jerin wasannin Fire Emblem, wanda kamfanin Intelligent Systems ya ƙirƙira, Nintendo ya fara fitarwa a Japan a 1990, ya yi suna ne da mutuwar dindindin: mayaƙin da ya faɗi a fagen fama ya tafi ke nan, tare da duk horon da aka sha wahalar ba shi. A 2010 aka shigo da tsarin Casual, wanda ke dawo da wanda ya faɗi bayan an gama yaƙin, sai dai wasan da ya zo da shi bai fita wajen Japan ba. Fire Emblem Awakening na 2012 ne ya yaɗa shi a duniya. An kuma samo hanya ta tsakiya, wato mayar da motsi baya domin a gyara kuskure, kamar yadda wasan Tactics Ogre ya yi a sabon fitowarsa ta 2010, Fire Emblem: Three Houses kuma ya yi a 2019. Masu ra'ayin tsohon tsari na cewa in babu asara babu dabara, to amma da yawansu, da zarar gwarzonsu ya faɗi, sai su kashe na'urar su sake yaƙin daga farko, wanda shi ma gudun asarar ne, sai dai ya fi cin lokaci. Wasan XCOM: Enemy Unknown na 2012 ya toshe wannan kafa da tsarin Ironman, inda ajiya, wato adana inda aka tsaya a wasan, ɗaya ce tak, wasan ne kuma ke yin ta da kansa, kamar dai dokar 'yan dara: in ka ɗaga hannu, motsi ya zauna.

Sunayen matakan ba abin dogaro ba ne. Lokacin da aka kai Fire Emblem: Radiant Dawn na 2007 Amurka da Turai, matakin da Japanawa ke kira mai wuya shi aka sa wa suna matsakaici, don haka mutane da dama suka faɗa ruwan da ya fi ƙarfinsu ba tare da sun sani ba. A matakinsa na ƙoli ma an cire ƙa'idar nan da aka san jerin da ita, ta takobi ya rinjayi gatari, gatari ya rinjayi mashi, mashi ya rinjayi takobi. Wasu wasannin jerin, irin su Fates da Three Houses, suna barin mutum ya sauko daga mataki mai wuya a tsakiyar tafiya, amma ba sa barin ya koma sama.

A Zariya, inda gidajen gem suka fi karkata ga ƙwallon ƙafa, masu buga irin wannan wasa galibi a waya ko kwamfutar cinya suke yi, kuma yanayin wuri na shiga cikin zaɓin. Yaƙi guda a mataki mai tsanani kan iya cin fiye da awa ɗaya, saboda haka ɗalibin da ke Samaru ko Kongo, wanda cajinsa ya kusa ƙarewa ga shi an ɗauke wuta, yakan fara duba ko wasan na barin a ajiye a tsakiyar yaƙi kafin ya duba ƙarfin abokan gaba.