Antoine Dupont

Antoine Dupont ɗan wasan ƙwallon zari-ruga ne na ƙasar Faransa, wanda yake buga wa ƙungiyar Stade Toulousain ta birnin Toulouse. An haife shi ranar 15 ga Nuwamba 1996 a Lannemezan, ya kuma tashi a ƙauyen Castelnau-Magnoac da ke gindin tsaunukan Pyrénées a kudu maso yammacin ƙasar, yankin da zari-ruga ya fi kafuwa. Lamba 9 yake sawa. Mai wannan lamba shi ne ke tsayawa tsakanin ƙarfafan 'yan gaba takwas da masu gudu na baya: yana zaro ƙwallo daga turmutsutsu, sannan cikin ƙiftawar ido ya yanke shawarar ko ya miƙa, ko ya buga da ƙafa, ko ya ruga da ita da kansa.

Tasowarsa

Yana ɗan shekara 4 ya fara wasa a ƙungiyar ƙauyensu, Magnoac FC. A 2011 ya koma makarantar matasa ta ƙungiyar Auch, inda ya haɗu da Anthony Jelonch da Grégory Alldritt, waɗanda su ma daga baya suka buga wa Faransa. Da Auch ta faɗo daga gasar rukuni na biyu a 2014, sai Castres Olympique ta ɗauke shi. A can ya fara buga Top 14, babbar gasar Faransa mai ƙungiyoyi 14. Shekara uku ya yi a Castres yana neman gurbi tare da Rory Kockott, wanda ya riga shi riƙe lamba 9 a ƙungiyar. Yana can aka fara kiransa tawagar ƙasa, a wasa da Italiya a 2017.

Zamansa a Toulouse

Lokacin da ya isa Toulouse a 2017, ƙungiyar tana cikin mawuyacin hali. Ita ce ta fi kowa tarin kofuna a Faransa, amma a kakar da ta gabata ta ƙare a mataki na 12, kuma rabonta da lashe gasa tun 2012. Koci Ugo Mola ya jingina da matasa, ciki har da Dupont da Romain Ntamack mai lamba 10. Kakarsa ta farko ba ta kai ƙarshe ba, domin a Fabrairun 2018 jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasan Faransa da Ireland.

Da ya warke sai abubuwa suka sauya. A 2019 Toulouse ta doke Clermont da ci 24 da 18 ta ɗauki garkuwar Brennus, wadda ake ba zakaran Faransa, karo na 20 a tarihinta. A 2021 ta haɗa biyu, kuma La Rochelle ce ta sha kashi duka sau biyun: 22 da 17 a filin Twickenham na Landan a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai, sai 18 da 8 a na Top 14. Dupont ne ya jagoranci 'yan wasa a Twickenham, saboda an dakatar da kyaftin Julien Marchand. A shekarar aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Turai, sannan gwarzon duniya.

Ƙungiyar da ta zame wa Toulouse ƙashin kifi a wuya ita ce Leinster ta Ireland. Sau uku ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe na Turai, a 2019 da 2022 da 2023, duk a Dublin. Shi ya sa wasan ƙarshe na 2024 a filin Tottenham Hotspur yake da nauyi na daban a tarihin Dupont. An cinye minti 80 ana 15 da 15, babu wanda ya dire ƙwallo a bayan layin ɗan'uwansa, duk makin daga bugun fanareti suka fito. A ƙarin lokaci Matthis Lebel na Toulouse ya keta ta gefe ya dire, aka kori abokin wasansa Richie Arnold da jan kati, amma duk da haka Toulouse ta ci 31 da 22, kofinta na shida a Turai. Abin da ya sa aka ba Dupont gwarzon wasan ba gudu da ƙwallo ba ne. Aikin tsaro ya yi: yana kayar da mutanen da suka fi shi jiki nesa ba kusa ba, yana ƙwace ƙwallo a ƙasa, yana buga dogayen ƙwallaye da ke mayar da Leinster gida. Ga mutum mai tsawon mita 1.74, wannan aikin 'yan gaba ne, kuma shi ne ya fi bambanta shi da sauran masu lamba 9 na zamaninsa.

Bayan wata guda Toulouse ta lallasa Bordeaux-Bègles 59 da 3 a wasan ƙarshe na Top 14 a Marseille, Dupont ya dire ƙwallo sau biyu. Wannan ya biyo bayan garkuwar 2023, wadda Ntamack ya ƙwato daga hannun La Rochelle ana dab da tashi, aka ƙare 29 da 26. A kakar 2024 ɗin ya riƙa raba lokacinsa tsakanin Toulouse da tawagar Faransa ta zari-ruga mai mutum bakwai, wadda ya ci zinare da ita a gasar Olamfik ta Paris bayan doke Fiji 28 da 7.

A Maris 2025 gwiwarsa ta dama ta sake samun rauni irin na farko, kuma a wasa da Ireland aka sake yi. Daga gefen fili ya kalli Toulouse ta doke Bordeaux-Bègles 39 da 33 a ƙarin lokaci, ta ɗauki garkuwa karo na uku a jere, na 24 a tarihinta.