Helmuth von Moltke: lauyan da gwamnatin Hitler ta rataye saboda abin da ya tattauna da abokansa

Wane ne shi, kuma daga wane gida ya fito?

An haifi Helmuth James von Moltke ranar 11 ga Maris, 1907, a ƙauyen Kreisau da ke yankin Silesia, wanda a yau yake cikin ƙasar Poland. Ɗan babban gida ne. Sunan Moltke kaɗai kan sa Bajamushe ya nutsu, domin daga zuriyar ne aka sami babban kwamandan da ya jagoranci sojojin Prussia suka ci Faransa da yaƙi a 1870 zuwa 1871. Mahaifiyarsa kuwa, Dorothy, 'yar Afirka ta Kudu ce, kuma mahaifinta ya riƙe muƙamin alƙalin alƙalan ƙasar. Helmuth ya karanta shari'a, ya auri Freya Deichmann a 1931.

Me ya fara haɗa shi da 'yan Nazi?

Kujerar alƙali. Bayan Hitler ya hau mulki a 1933, sai ya zama da wuya mutum ya hau kujerar shari'a bai shiga jam'iyya ba. Moltke ya haƙura da alƙalancin, ya buɗe ofishin lauya a Berlin, inda ya riƙa taimaka wa Yahudawa da sauran waɗanda ake farauta su shirya takardun barin ƙasar. Ya kuma je Ingila ya ƙaro karatu har ya sami izinin aikin lauya a can. Da ya so gudu, ƙofa a buɗe take, amma ya zauna.

To ta yaya mai adawa da Hitler ya kasance ma'aikacin rundunar sojansa?

Nan ne gizo ke saƙa. Da yaƙi ya ɓarke a 1939, an ɗauke shi aiki a Abwehr, hukumar leƙen asirin soja da ke ƙarƙashin Admiral Wilhelm Canaris, a matsayin masanin dokokin ƙasa da ƙasa. Makaminsa biro ne da takarda. Idan aka kawo umarnin harbe fararen hula da aka tsare a ƙasashen da Jamus ta mamaye, sai ya rubuta cewa doka ta hana, ya kuma ƙara da hujjar da janar-janar za su saurara, wato idan aka yi wa mutanen wasu haka, gobe za a rama a kan fursunonin Jamus. Wani lokaci ya yi nasara, sau da yawa kuma takardarsa ta ƙare a kwandon shara.

Misali mafi ɗaci shi ne na fursunonin yaƙin Tarayyar Sobiyet. A watan Satumba na 1941 sashensa ya shirya takardar da Canaris ya sa wa hannu, tana cewa ko da Sobiyet ba ta shiga yarjejeniyar Geneva ta 1929 kan kula da fursunonin yaƙi ba, ba a kashe wanda ya miƙa wuya, ba a kuma barinsa da yunwa. Shugaban rundunar, Wilhelm Keitel, ya yi watsi da ita, yana mai cewa wannan yaƙi ne na murƙushe wata aƙida. Fursunonin Sobiyet sama da miliyan 3 ne suka mutu a hannun Jamusawa. Mai sukar Moltke zai iya cewa ai duk da haka albashin azzalumai yake ci. A ganina sukar tana da ƙafa, sai dai mutanen da takardunsa suka kuɓutar ba za su yarda da ita ba.

Mece ce ƙungiyar Kreisau?

'Yan sandan ciki na Gestapo ne ma suka raɗa mata wannan suna. Taro ne na mutane ƙalilan da Moltke da abokinsa Peter Yorck von Wartenburg suka haɗa: 'ya'yan manyan gidaje, 'yan jam'iyyar Social Democrat mai ra'ayin gurguzu na dimokuraɗiyya irin su Adolf Reichwein da Julius Leber, da malaman coci na Katolika da Furotesta, ciki har da Fada Alfred Delp. Sun yi manyan zama 3 a gidan Moltke da ke Kreisau a 1942 da 1943. Abin da suke tsarawa shi ne yadda Jamus za ta kasance bayan Hitler: mulkin doka, ƙarfafa ƙananan hukumomi, hukunta masu laifin yaƙi, da haɗin kan Turai.

Yana cikin waɗanda suka dasa wa Hitler bam a 20 ga Yuli, 1944?

A'a. Yana tsare tun watan Janairun shekarar, saboda ya tsegunta wa wani abokinsa, Otto Kiep, cewa za a kama shi. Dama can bai goyi bayan kisan Hitler ba. Imaninsa na Kirista bai bar shi ba, kuma yana tsoron kada Jamusawa su ce da ba a ci amanar shugaba ba da sun ci yaƙin, kamar yadda aka yi ta yayatawa bayan Jamus ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918. Binciken da ya biyo bayan bam ɗin ne ya tona asirin Kreisau.

Yaya shari'arsa ta kasance?

An gurfanar da shi a watan Janairu na 1945 gaban Roland Freisler, alƙalin da ya yi ƙaurin suna wajen daka wa waɗanda ake tuhuma tsawa. Ba a iya ɗora masa laifin bam ba, don haka aka kama shi da laifin tattauna makomar Jamus idan ta sha kaye. Cikin wasiƙunsa ga Freya ya nuna har ya ji daɗin hakan, domin ya tabbata cewa tunani ne kawai ya kai shi ga igiya. Limamin gidan yarin Tegel, Harald Poelchau, wanda shi ma ɗan ƙungiyar ne ba a gano ba, shi ke fitar da wasiƙun a ɓoye. An rataye Moltke a kurkukun Plötzensee ranar 23 ga Janairu, 1945, yana da shekara 37. Kwana 11 bayan haka Freisler ya mutu a wani harin jiragen sama da aka kai Berlin.

Ina iyalinsa da gidan suka kwana?

Freya ta ɓoye wasiƙu da takardun ƙungiyar a cikin amyar ƙudan zuma a Kreisau, shi ya sa suka tsira. Ta rasu a Amurka a 2010, tana da shekara 98. Gidan kuwa, da ake kira Krzyżowa yanzu, nan ne shugaban gwamnatin Jamus Helmut Kohl da firaministan Poland Tadeusz Mazowiecki suka halarci addu'ar sulhu a watan Nuwamba na 1989, kuma a yau cibiya ce ta haɗuwar matasan Turai.